Ɗaukar hoton hawan dutse: Sana'ar da ake yi a rataye da igiya

Da asubahin ranar 3 ga watan Yunin 2017, wani Ba'amurke mai suna Alex Honnold ya fara hawan El Capitan, wani miƙaƙƙen dutse mai tsawon kimanin mita 900 da ke gandun Yosemite a jihar Kalifoniya. Bai ɗaura igiya ba. Daga takalman hawa sai ƴar jakar garin alli da yake shafa wa hannuwansa don kada gumi ya sa ya zame. Bayan awa 3 da minti 56 ya isa sama.

Duniya ta ga wannan hawa ne saboda wasu mutane da suka rataye a jikin dutsen riƙe da kyamarori. Fim ɗin da suka haɗa, Free Solo, wanda Jimmy Chin da Elizabeth Chai Vasarhelyi suka ba da umarni, ya lashe kyautar Oscar a 2019.

Hawan dutse ya sha bamban da ƙwallon ƙafa ko dambe, domin babu ƴan kallo kuma babu alƙalin wasa. Idan mahayi ya sauko, hoto da rubutu ne kawai shaidar abin da ya faru.

Yadda ake aikin

Yawancin masu wannan sana'a su ma ƙwararrun mahaya ne. Mai ɗaukar hoto yakan riga mahayin isa wurin, ya kafa igiya daga saman dutse, ya zuro har inda yake so ya tsaya. Idan zai koma sama, yana amfani da wasu ƙarafa da ke cije igiya: suna zamewa sama, amma ba sa dawowa ƙasa.

An fi son a ɗauki hoton daga sama ko daga gefe, saboda ta haka ne fuskar mahayi da hannuwansa da zurfin da ke ƙarƙashinsa za su fito tare. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa yakan sa dutse ya yi kamar a kwance yake.

Kowane kaya sai an ɗaure shi da jiki. Batir ko murfin kyamara da ya suɓuce daga tsayi irin wannan zai iya raunata wanda ke ƙasa, haka ma tsakuwar da ƙafa ko igiya ta ture.

Tushen sana'ar

Ɗaya daga cikin magabatan wannan fanni shi ne Vittorio Sella, ɗan Italiya da ya rayu daga 1859 zuwa 1943. A zamaninsa a kan faifan gilashi ake ɗaukar hoto, kuma ya riƙa hawa da masu faɗin santimita 30 da tsawon 40, ga nauyi ga saurin fashewa.

A 1906 ya bi tawagar wani yariman Italiya zuwa tsaunukan Rwenzori da ke iyakar Yuganda da Kongo, sannan a 1909 suka je yankin tsaunin K2. Har yau ana kwatanta hotunansa na Rwenzori da na yanzu domin ganin yadda ƙanƙarar tsaunukan ta narke.

Gani ya kori ji

Lokacin da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka kai ƙololuwar Everest ranar 29 ga watan Mayun 1953, Hillary ya ɗauki hoton Tenzing, sannan ya ɗauki na gangaren tsaunin ta kusurwoyi daban-daban, don ya zama hujjar cewa babu wani wuri da ya fi inda suke tsayi. Shi kansa ba shi da hoto a can.

Sai dai hoto ma yana ƙarya. A 1906 Frederick Cook ya ce shi ne ya fara hawa Denali, tsauni mafi tsayi a Arewacin Amurka, ya kuma nuna hoto. A 1910 wata tawaga ta gano inda ya ɗauke shi: wani ƙaramin dutse mai nisan kusan kilomita 30 daga ƙololuwar.

A 1959 kuma, Cesare Maestri ɗan Italiya ya ce shi da Toni Egger sun hau Cerro Torre a yankin Patagoniya na Kudancin Amurka. Egger ya mutu a ruftawar ƙanƙara, kuma Maestri ya ce kyamararsu ta tafi tare da shi. Mahayan da suka bi wannan ɓangaren dutsen a 2005 ba su ga alamar ƙusoshi ko igiyarsu a can sama ba. Maestri bai janye iƙirarinsa ba har ya mutu a 2021.

Rubutun tafiya

Inda hoto ya gaza, rubutu ke cike giɓin. Mujallar Alpine Journal ta Landan tana buga rahotannin mahaya tun 1863, takwararta ta Amurka kuma tun 1929. Rahoto mai kyau yakan faɗi hanyar da aka bi, da kwanakin da aka yi, da kayan da aka yi amfani da su, da wuraren da dutse ke ɓarewa. Wanda zai bi hanyar daga baya da wannan bayani zai auna tsawon igiya da yawan guzuri, don haka ƙarin gishiri na iya jefa shi cikin halaka.

Elizabeth Hawley, ƴar jaridar Amurka da ta zauna a Katmandu, ta shafe shekaru fiye da 50 tana yi wa tawagogin Himalaya tambayoyi bayan sun sauko, ko da yake ita ba mahayiya ba ce. Duk iƙirarin da bai gamsar da ita ba, sai ta rubuta a kundinta cewa akwai taƙaddama a kansa. Ta mutu a 2018 tana da shekara 94.

Marubuci ma kan yi kuskure ba da niyya ba. Jon Krakauer yana kan Everest a watan Mayun 1996 lokacin da guguwa ta halaka mutum takwas. A rahotonsa na mujalla ya ce ya ga wani jagora ya kusa isa sansani, daga baya ya gano wani mutum ne daban. Ya gyara kuskuren a littafinsa Into Thin Air na 1997.

Ko kyamara na ƙara haɗari?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun masu sana'ar. Mahayin da ya san ana ɗaukarsa zai iya jin nauyin fasawa ko da jikinsa bai ba shi ba, musamman idan akwai kuɗin talla a ciki. A 2014 kamfanin Clif Bar ya janye tallafinsa ga mahaya biyar, har da Honnold, yana mai cewa kasadar ta yi yawa.

Masu Free Solo sun ɗauki matakai. An haramta amfani da jirage marasa matuƙa a gandayen ƙasa na Amurka tun 2014, don haka da igiya suka yi aiki. A wuri mafi wuya a hanyar sun kafa kyamarorin da ake sarrafawa daga nesa, don kada idon mutum ya ɗauke wa Honnold hankali. A ƙarshen 2016 ya fara hawan, ya ji bai natsu ba, ya sauko, kuma ba su ɓoye wannan a fim ɗin ba.

Ranar da ya yi nasara, Mikey Schaefer, abokinsa da ke ɗauka daga ƙasa, ya kasa kallo. Ya saita kyamara, ya juya wa dutsen baya, ya bar ta tana ɗauka.