Ilimin halayyar ɗan Adam

Ilimin halayyar ɗan Adam (suna, namiji, 'yan boko kan ce saikoloji).

1. Fannin ilimi mai binciken tunanin mutum da ɗabi'unsa, da dalilin da ke sa shi aikata abin da yake aikatawa. Ana ƙirga farkonsa daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig na Jamus.

Bakin malamansa bai zo ɗaya ba. A ce ga yaro a Ajingi ya ƙi makaranta. Almajiran Sigmund Freud za su tono abin da ya binne a ransa tun yana ƙarami. Mabiyan John Watson da B. F. Skinner ba ruwansu da zuciya, sai abin da ido ya gani: wane daɗi yaron yake samu in ya gudu, wace bulala yake sha in ya zo. Masu bin Jean Piaget su duba ko darasin ya fi ƙarfin shekarunsa. Abraham Maslow kuwa, mai tsanin buƙatu na 1943, zai fara tambaya ko yaron ya karya kumallo, kuma a ƙauye kafin kaka tambayarsa ce ta fi kusa da gaskiya. Wasu kuma ƙwaƙwalwa da gado suke dubawa.

2. Darasin da ake koya wa masu shirin zama malamai a kwalejojin ilimi da Jami'ar Bayero. Misali: "Yaya, ka ba direban motar Gaya littafina na ilimin halayyar ɗan Adam."

A kula: daban yake da likitancin taɓin hankali irin na asibitin Dawanau, inda likita ke rubuta magani.