Dalili da ɗanɗano: abin da Gazali ya bar mana

Rannan a fada, shayi na biyu bai sauka ba gardama ta kaure. Wani abokina ya ce shi da hujjar hankali ya san Allah: duk abin da ya faru akwai mai faro shi. Wani ya ce shi mafarki ya yi, tun ranar bai ƙara shakka ba. Na yi shiru, don na tuna Imam Gazali ya bi hanyoyin nan biyu tun tuni.

A 1091 waziri Nizamul Mulki ya ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. Can ya rubuta Tahafutul Falasifa, ya ɗauki mas'aloli 20 na su Farabi da Ibn Sina, ya nuna hujjojinsu ba su kai inda suke cewa sun kai ba. Uku daga ciki ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama.

To amma a 1095 shi kansa harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi. Ya bar kujera ya nufi Dimashƙa. A Munƙizu minad Dalal ya faɗi yadda tun can baya ya daina yarda da ido: inuwa kamar tana tsaye, alhali tafiya take. Hankali ne ya kama ido da ƙarya. To wa zai kama hankali? Ƙarshenta ya sami natsuwa wajen sufaye, cikin abin da suke kira zauƙi, wato ɗanɗano.

Nan ne ni, ɗalibin ilimin harshe, nake tsayawa. Hujja magana ce, ana iya rushe ta da magana. Ibn Rushdi na Kurɗuba ya mayar wa Gazali martani mas'ala bayan mas'ala. Ɗanɗano kuwa ba ya shiga kalma. Ka ce mini zuma da zaƙi, harshenka ne ya lasa, ba nawa ba. Kuma mai bori ma zai rantse ya ji abin da ya ji.

Kakata ba ta san Ibn Sina ba, ban taɓa jin ta ba da labarin mafarki ba, kuma asuba ba ta wuce ta. Da na tambayi abokaina a kan wace hujja take tsaye, sai mai dafa shayi ya ce na uku ya nuna.