Koyon Kiɗan Ƙungiya a Ƙasar Hausa: Daga Gidan Makaɗi zuwa Jami'a

Kiɗan ƙungiya shi ne wanda makaɗa da mawaƙa ke haɗuwa su yi a ƙarƙashin jagora guda, kowa da abin kiɗansa ko muryarsa. A jami'o'in Turai da Amurka fanni ne mai zaman kansa da ake karantawa har digiri na biyu da na uku, kuma jarrabawarsa ita ce ɗalibi ya zauna cikin 'yan'uwansa ya yi kiɗa a gaban malamai. A ƙasar Hausa wannan ilimi ya girmi jami'a nesa ba kusa ba, sai dai makarantarsa gidan makaɗi ce da ƙofar fada.

Tarihin Kano ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya shigo da su fada. Kakaki kuwa ba a busa shi shi kaɗai. Yana tafiya da farai da ganga, kamar yadda algaita ke da gangunanta, tambari kuma ke da nasa mutanen. Bayan jihadi, ko da yake Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki shagala da kaɗe-kaɗe a littafinsa Kitabul Farƙi, fadoji ba su rabu da makaɗansu ba. Masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa a 1819, da gundumominta irin su Roni da Gwiwa, sun bi wannan tsari na sarki da makaɗansa, hakimi da nasa. Haka ma Babura, wadda ta daɗe a ƙarƙashin Kano kafin ta koma masarautar Ringim a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. A ƙetaren iyaka, fadar Damagaram ta yi suna da mabusanta. Ban da fada, kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, gangar noma ta ranar gayya, ƙwarya kuma ta mata masu amada.

Koyon yana da matakai, ko da ba wanda ya rubuta su. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da shanya fata. Daga nan a ba shi kuntuku ko ƙaramin kalangu, ya riƙe bugu ɗaya tak, ya yi ta maimaita shi ba gaggawa ba jinkiri, yayin da babban kalangu ke yawo a kansa yana magana. Wannan shi ne darasi mafi wuya, domin hannun yaro yana so ya bi na maigida. Sai ya daɗe a nan kafin ya rataya babba, ya koyi matse tsarkiya a hammata don sauti ya hau ko ya sauka daidai da karin harshe, har mai sauraro ya gane taken wane ake kaɗawa. Mai kotso kuma sai ya san yawan naken da zai shafa a tsakiyar fata, in ya yi yawa murya ta dushe. Mai algaita yana koyon shaƙar iska ta hanci alhali kumatunsa na ci gaba da tura wadda ya tara, don kada busa ta yanke. 'Yan amshi su ne suka fi kowa aikin kunne: jagora zai jefo ɗa, wani lokaci sabo fil da ya ƙaga a wurin, su cafe, su ƙarasa, su mayar da shi gindin waƙa ba tare da an yi musu ishara ba. A gefe sanƙira yana kwarzanta wanda ake wa waƙa, yana shelar kyautar da aka yi.

Ƙungiyar tana da muƙamai irin na fada. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan wansa Kurna a Maradun, ya riƙe muƙamin daudun kiɗi kafin ya ja tasa ƙungiyar. Wanda ya saurari yadda muryoyi ke sarƙewa a waƙoƙinsa, ko a na Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi, ya san ba aikin wata uku ba ne.

A waje, makarantar koyon kiɗa ta birnin Paris ta buɗe tun 1795. Abin da ya fi shafar Afirka ya zo ne a shekarun 1950, lokacin da Mantle Hood na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya dage cewa mai nazarin kiɗan wata al'umma sai ya iya kaɗa shi da hannunsa. Jami'ar Gana da ke Legon ta buɗe makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a 1962, inda J. H. Kwabena Nketia ya yi jagoranci, aka ɗauki ƙwararrun makaɗan gargajiya suna koyarwa. A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a 1961.

Kiɗan Hausa ya shiga jami'a ta wata ƙofa dabam. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, bayan bincike a Zariya da Katsina. A shekarar ce Fremont Besmer ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Kolumbiya a kan kiɗan fadar Kano. Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya a farkon shekarun 1970, da ƙungiyar makaɗa da 'yan rawa tata ta kanta, kuma wannan ne kusan mafi kusa da aka zo ga shigar da ganga cikin harabar jami'a a matsayin aiki. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digiri na uku a Jami'ar Indiyana a kan Mamman Shata, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, ya kuma tattara tarihin makaɗa da dama.

Aiki ne babba, amma na sassan harshe da adabi ne. Ɗalibi yana juyar da waƙa daga kaset zuwa takarda, ya fito da turke da salo da zubi, ya ci jarrabawa bai taɓa riƙe abin kiɗa ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Al'ada ta ajiye makaɗi a sahun maroƙa, malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, kuma da wuya uba ya biya kuɗin makaranta don ɗansa ya fito da digirin kalangu. Nijar ta ɗan sha bamban. A 1989 aka buɗe cibiyar horar da makaɗa mai sunan Elhaji Taya a Yamai, inda ake koyar da kiɗa a aikace. Daga cikinta ƙungiyar Mamar Kassey ta fito, a can ne kuma makaɗi Malam Maman Barka ya yi aiki. Sai dai cibiya ce ta horo, ba jami'a ba.

Ana cikin haka fiyano ta shigo situdiyoyin Kano tare da finafinan Hausa a shekarun 1990. Yanzu mutum ɗaya da kwamfuta yana fitar da sautin da a da sai mutum bakwai ko takwas sun haɗa gumi. Abin ya rage tsada, ya kuma rage yaran da ke zama a bayan uba suna riƙe kuntuku.

Jigawa tana da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. A 2021 aka kafa jami'ar tarayya a Babura kanta, ta kimiyya da fasahar ƙere-ƙere. Matashin wannan yanki da ke son digiri mai zurfi a kiɗan ƙungiya sai ya nufi kudu ko ƙetare, inda da wuya ya tarar da malamin kotso ko taushi. Masu wannan ilimin suna nan a ƙofar fadar Kazaure da gidajen hakimai, ana jin su ranar hawan Salla. Jami'ar da ke da niyyar buɗe fannin, su ya kamata ta fara ɗauka aiki, tun suna da sauran ƙarfin hannu.