DAGA MOFIN ZUWA TIRAMOL: YADDA MAGANI YA ZAMA ABIN KUNYA A KANO

Satin jiya na je duba wata yayarmu a Sharada, an yi mata tiyatar sankarar mama. Na tarar da ita tana ta gumi, ko hannu ba ta iya ɗagawa, ga maganin da likita ya rubuta a gefen katifa ba ta taɓa ba. Na ce Yaya lafiya? Ta ce: "Tiramol ne fa. So kake a ce na zama 'yar ƙwaya da tsufana?"

Wannan tsoron yana da tarihi.

A farkon shekarun 1800 wani mai haɗa magani ɗan Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga ofiyom. Tiramadol ma a Jamus aka ƙirƙiro shi, kamfanin Grünenthal ya fitar da shi kasuwa a 1977. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin rage raɗaɗin sankara hawa uku: a fara da irin su farasitamol, in bai yi ba a hau kan kodin da makamantansa, in ciwo ya tsananta a ba da mofin. Wato dai don marasa lafiya aka yi su.

To a nan gida sai labari ya sha bamban. Mai buƙata ba ya samu, mara buƙata kuma ya samu a bakin titi. Mu da muka tashi kusa da masana'antun Sharada da Challawa mun ga yadda wasu samari 'yan aikin ƙarfi suka mayar da tiramol abin ƙara kuzari. A asibiti mai miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, amma na fasa-ƙwauri har 225 yake kaiwa.

Ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta saki binciken nan kan kodin, wanda Kano ta fito a ciki. Ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A 2024 kuma aka matsa wa dillalan magani na Sabon Gari su koma Dangwauro. Matakan sun dace, babu ja. Sai dai laifin wani ya shafi wani: yau mace mai ɗinki a ƙirji tana jin kunyar maganinta.

Alhali barin ciwon ma illa ne. Wadda ke cikin raɗaɗi ba ta iya jan numfashi sosai, ba ta barci, ba ta motsa kafaɗa, har kafaɗar ta sage. Shan magani na 'yan kwanaki bisa ƙa'idar likita daban, shaye-shaye daban. A sha a kan lokaci, kar a ƙara da ka, kar a sayo a kemis babu takarda, a kuma ɓoye shi daga yaran gida. In ya kawo taurin bayan gida ko jiri, ko kuma ana jin zugi kamar wuta a hammata, a koma wa likita, domin ciwon jijiya maganinsa daban ne.

Yaya dai ta yarda ta sha bayan mun kira likitanta ta ji daga bakinsa. Daren nan ta samu barci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Amin.