Yadda jerin buri ya zama takardar alkawari

A shekarar 2005 kamfanin Google ya ƙaddamar da shirin Google Summer of Code, inda yake biyan ɗaliban jami'a su yi dogon hutunsu suna rubuta manhaja ga ƙungiyoyin da ke barin tushen manhajarsu a buɗe, kowa ya duba ya gyara. An ɗauki ɗalibai wajen 400, duk wanda ya kammala aka ba shi dala 4,500. To amma wane aiki ɗalibi zai yi? Sai aka ce kowace ƙungiya ta fitar da jerin ayyukan da take so a yi mata.

Da yawa daga jerin farko-farko buri ne kawai. Tsofaffin hannu su zazzage duk abin da suka daɗe suna jinkirtawa, layi ɗaya-ɗaya, ba bayani, ba sunan wanda za a tuntuɓa. Ɗalibi ya zaɓi abin da sunansa ya burge shi, sai ya shiga ya tarar aikin shekara ne aka ce ya gama cikin wata uku.

Jerin kuma shi ke tantance wanda zai zo. A 2006 ƙungiyar GNOME ta karɓi takardun nema 181 a ƙarƙashin shirin, babu mace ko ɗaya. Wannan ya sa ta buɗe wa mata shiri na musamman, wanda ya zama Outreachy a 2015. Can, kafin a ɗauki mutum sai ya fara taɓa aikin da hannunsa, saboda haka dole masu jeri su tanadi ƙananan gyare-gyare da sabon shiga zai iya gwadawa.

Sannu a hankali Google ma ya tsaurara. Yau ƙungiyar da ke neman shiga, jerinta ake fara dubawa, kuma kowane aiki sai an faɗi sakamakon da ake sa rai, ilimin da ake buƙata, wahalarsa, da wanda zai ja-gorance shi. A ganina wannan na ƙarshe shi ne gyaran gaske. Da zarar mutum ya ga sunansa a ƙarƙashin aiki, ba zai rubuta abin da shi kansa bai san hanyarsa ba, don shi ɗalibi zai dama da tambayoyi har ƙarshen hutu. Manyan ƙungiyoyi irin su Python Software Foundation, masu ɗauke da ƙanana a ƙarƙashinsu, kan bar kowace ta rubuta nata jerin, su kuma su tace.

Sai batun awo. A 2021 an rage girman aiki zuwa sa'o'i kusan 175. A 2022 aka dawo da babban na sa'o'i 350 kusa da shi, aka kuma buɗe ƙofa ga duk sabon shiga mai shekara 18 zuwa sama, ko ba ɗalibi ba ne. A 2024 aka ƙara ƙarami na sa'o'i 90, wanda ya ba masu jeri damar yanka babban aiki gunduwa-gunduwa kafin su tallata shi.