Soyayya A Lokacin Yaƙin Basasa: Labarin Da Har Yanzu Ba A Yi Fim Ɗinsa Ba



Kwanakin baya bayan mun rufe shago a nan Inugu, na zauna da wasu abokaina biyu Ibo muka kalli fim ɗin Half of a Yellow Sun. Da aka zo wurin da sojoji suke harbe Ibo a filin jirgin saman Kano, sai ɗakin ya yi tsit, babu wanda ya iya kallon ɗan uwansa. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki biro.

Ga wanda bai sani ba, Biyi Bandele ne ya shirya fim ɗin a 2013 daga littafin Chimamanda Adichie na 2006. Labarin soyayya ne tsakanin Olanna da Odenigbo, malamin jami'ar Nsukka, wadda yaƙin Biyafara ya faɗo a tsakiyarta. An so a fara nuna shi a Najeriya a watan Afrilu 2014, amma hukumar tace fina-finai ta riƙe shi, sai a watan Agusta ya fito.

To shi wannan salo na haɗa soyayya da yaƙin basasa ba yau aka fara shi ba. A 1939 Amurkawa sun yi Gone with the Wind a kan yaƙinsu na 1861 zuwa 1865, a 1965 kuma aka yi Doctor Zhivago a kan juyin juya halin Rasha da yaƙin da ya biyo bayansa. Dalilin da ya sa masu fim suke son haka a fili yake: idan aka ce maka dubban mutane sun mutu, lissafi kawai ka ji, amma idan ka ga an raba miji da matarsa a tashar jirgi, nan ne zuciyarka za ta karye.

Sai dai akwai abin lura. Duk wanda ya zaɓi masoyan da za a nuna, ya zaɓi idon da za a kalli yaƙin da shi. A Gone with the Wind, masoyan daga ɓangaren masu mallakar bayi suke, saboda haka mai kallo yana tausayin gidan da ya rushe ya manta da baƙaƙen fatar da aka bautar a cikinsa. Shi ya sa a 2020 HBO Max suka janye fim ɗin na ɗan lokaci, suka dawo da shi tare da bayani a gabansa.

Mu dawo gida. Ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Mayu, bayan dokar Ironsi mai lamba 34 da ta rushe tsarin yankuna, rikici ya ɓarke a Arewa. Ranar 29 ga Yuli aka kashe Ironsi a Badun, sannan a Satumba da Oktoba aka yi wa Ibo mazauna Arewa kisa mai muni. Wannan ya faru, kuma duk Musulmin kirki bai kamata ya yi musunsa ko ya nema masa uzuri ba. Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka fara yaƙi ranar 6 ga Yuli, aka gama a Janairu 1970.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wancan lokacin akwai Hausawa da yawa a Gabas, mahauta da fataken shanu da masu tireda, a Inugu da Anaca da Fatakwal da Owerri. Zamansu ya yi nisa har Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Da labarin kisan Arewa ya iso, an yi ramuwa a kan wasu daga cikinsu, kuma a ƙarshen 1966 gwamnatin Gabas ta umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice.

Kakana yana cikin waɗanda suka fice. Matarsa, wato kakata, 'yar ƙasar Nsukka ce, tana da goyo a lokacin. Danginta suka ce idan ta bi shi Arewa kashe ta za a yi, shi kuma idan ya tsaya ba shi da tabbacin kwana. A tashar jirgin ƙasa suka rabu, ya bar mata kuɗin da ke aljihunsa da mabuɗin shago. Shekara uku da wani abu babu wasiƙa babu saƙo. Da ya dawo a 1970 ya same ta da rai, amma yarinyar da ya bari a goye yunwa ta kashe ta. Mahaifina bayan yaƙi aka haife shi. Har kakata ta rasu ba ta yarda a zubar da ragowar tuwo a gabanta.

Ban ce Adichie ta yi mana rashin adalci ba. Labarin mutanenta ta bayar, kuma a littafin ma wani Bahaushe mai suna Mohammed ne ya fitar da Olanna daga Kano. Laifin namu ne. Kannywood ta shekara sama da 30 tana yin fina-finan soyayya, amma labarai irin na kakannina suna nan a Sabon Badun da Agege da Ama Hausa ta Owerri, tsofaffin da suka san su kuma kullum raguwa suke yi.

Saboda haka roƙona ga matasanmu, duk mai kaka ko kakan da ya ga 1966 da idonsa, ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa a waya tun kafin ƙasa ta rufe masa ido. Ku tambaye su wanda ya cuce su, ku kuma tambaye su wanda ya ɓoye su a ɗakinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana, amin. Wassalam.