Hakulis: Tsohon Jirgi, Sabon Ɗakin Matuƙi

Duk wanda ya yi aiki a masana'antun Bompai ya saba da rugugin jirage, domin tsakaninsu da filin jirgin Malam Aminu Kano ba nisa. Kano kuwa ta daɗe da sanin jirgin soja, tun Nuwamba 1925 da jiragen sojan Ingila uku suka iso daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham. Amma yau maganarmu a kan C-130 ce, wato Hakulis, jirgin dakon kaya mai farfela huɗu na kamfanin Lockheed, wanda ya fara tashi a Amurka a 1954.

Nijeriya ta sayi guda 6 a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, ta ƙara 3 masu dogon jiki a 1985. A waɗancan shekarun ne kuma aka yi ta shigo da injunan saƙa da na roba Bompai da Sharada. Kusan sa'annin juna ne, kuma ciwo ɗaya ya kama su. Da tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka gagari mai masana'anta, suka gagari soja. Jiragen dai ba su huta ba, su suka yi jigilar dakarun ECOMOG zuwa Laberiya daga 1990. Ranar 26 ga Satumba 1992 ɗaya ya faɗi a Ejigbo ta Legas jim kaɗan da tashinsa, sama da mutum 150 suka rasu, galibinsu hafsoshi ɗaliban kwalejin Jaji. Injuna ne suka mutu a ranar.

To amma inji da gangar jiki suna karɓar gyara. Abin da ke tsufar da irin wannan jirgi shi ne ɗakin matuƙi. Tsohon Hakulis cike yake da ma'aunai masu allura kamar agogo, ga mai duba hanya, ga injiniya a bayan matuƙa yana lura da mai da wuta. Yawancin waɗannan na'urori an daina ƙera su. In ɗaya ta lalace sai a kwanto ta daga wani jirgin da ke ajiye, yadda bakanike ke yanka mota ya tayar da wata. A haka jirgi biyu ke komawa ɗaya. Ga kuma dokokin sararin sama: daga 2020 Amurka ta wajabta na'urar da ke sanar da inda jirgi yake ta tauraron ɗan'adam a manyan hanyoyinta. Shi ya sa ake ɓamɓare allunan a sa allon kwamfuta da sababbin wayoyi. Kada mai karatu ya ɗauka abin wasa ne. Amurka kanta ta ba Boeing wannan kwangila a 2001, tsada ta sa aikin ya tsaya bayan an gyara 'yan kaɗan.

A nan gida, abin da ya fi burge ni ya faru ne zamanin Iya Mashal Sadique Abubakar. Maimakon a kai jirgi Turai a yi masa babban garambawul kamar da, sai aka kwance shi a Ikeja. An gama NAF 917 a 2019 tare da kamfanin Sabena Technics na Faransa, sannan NAF 913 a farkon 2020 da taimakon sojan saman Pakistan, injiniyoyinmu na riƙe da sifana suna koyo.